Ki sauko da girkin daga hannunki zuwa takarda, sannan ki buga da kanki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena mata, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa, sannunku da haƙurin zafin ranar garin Tawa. An ce in yi magana kan yadda mace za ta rubuta littafin girki ta buga shi da kuɗinta kuma ya saidu, to ni wajen awo zan fi daɗewa, don nan ne littafi ke gyaruwa ko ya ɓaci tun bai kai maɗaba'a ba.

Duk wadda ke nan ta iya girki, wannan ba gardama. Amma in na ce Hajiya kanwa nawa kike sa wa wake, za ki ce "ɗan kaɗan". Ruwa fa? "Daidai misali." A dafa har yaushe? "Har ya yi." Wallahi gaskiya kika faɗa, hannunki ya san kaɗan ɗin, hancinki ya san ya yi. Sai dai yarinyar da za ta sai littafin, amarya ce da anka kai Yamai ko Agadas, uwarta na nesa, ita da takarda da tukunya kawai, kuma maigida na dawowa ƙarfe biyu. In kika rubuta mata "ɗan kaɗan" kin bar ta a tsakar daji. Kanwa in ta yi yawa waken ya dagargaje ya yi baƙi ya yi ɗaci, in ta yi kaɗan ta ƙone gas ɗinta waken na nan da ƙarfi, kuma ba za ta ce ita ta kuskure ba, littafin za ta zarga, ta gaya ma ƙawayenta.

Don haka kafin ki taɓa bik, ki shiga madafa da sikeli da agogo da kaye. Ki yi girkin yadda kika saba, amma duk abin da hannunki ya ɗebo ki tsaya ki auna shi kafin ya faɗa tukunya. Kin ɗebo kuka? juye a cokali ki ƙirga. Ƙaramin cokali mililita 5 ne, babba 15, a shafe bakinshi kar a yi tozo. Tiyar hatsi wajen kilo 2 da rabi take, amma kun sani tiyar wata kasuwa ba ta wata ba ce, to ki rubuta duka biyu, tiya da kilo. Ƙaramin gwangwanin tumatir giram 70 ne, kowane gida akwai shi, ki yi awo da shi in kina so amma ki faɗa tun shafin farko wane gwangwani kike nufi. Albasa ma kar ki ce "albasa biyu" ki wuce, albasar Galmi guda mai kyau tana iya kai ƙanana ukku, ki ce babba ko ƙarama.

Wata mata a Amurka, Fannie Farmer, a 1896 ta fitar da littafin girki da kowane abu ke da awonshi daidai, cokali a shafe, kofi a shafe. Masu bugawa ba su yarda zai saidu ba, sai da ta biya kuɗin kwafi 3000 na farko daga aljihunta. Yau sama da shekara 100 ana buga shi. Matan da sunka saye sun gwada sun ga abincin ya fito, shi ne sunka yi ta gaya ma juna.

Akwai kuma abin da sikeli ba ya aunawa, shi ma sai an rubuta. Ɗauki masa. Kullun da kika jiƙa kika niƙa kika rufe a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40, kafin ki juya ya tashi har yana neman tsami, amma kullun nan a sanyin Janairu sai ya kwana yana jan ƙafa. In kika rubuta awa kaza kawai kin cuci wata. Ki ba ta alama: saman kullun ya yi ƙananan kumfa, ya ƙaru a roba, in kin sa ludayi kin ji yana ɗan huci, ƙamshin tsami na tasowa amma bai kai ga hanci ya ƙi ba. Haka wuta, mai gawayi da mai itace da mai gas ba lokaci guda za su sauke ba, ki faɗi da wace wuta kika yi naki. Sunayen kaya ma, abin da muke ce ma guro a nan, mai karatu a Kano kuɓewa ta sani, ki sa duka biyu in kina son littafin ya tsallake Konni.

In kin gama rubutawa ki miƙa ma wadda ba ta iya wannan girkin ba, ɗiyar maƙwabta ko ƙanwar miji, ki zauna gefe ki kama bakinki. Wannan zaman yana da wuya, za ki ga tana shirin zuba daddawa kafin lokaci, hannunki na ƙaiƙayi, ki daure. Duk inda ta ɗago kai ta ce "Inna, nan fa?" to ki sa alama, wajen bai rubutu ba. Girki 30 da anka gwada haka sun fi 200 da anka kwaso daga Facebook. Kuma don Allah ku rubuta namu, dambun zogale, malku, fankasu, miyar sure, alkaki, furar da anka dama da nono mai kyau, tsofaffin da sunka san asalin waɗannan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, ki je ki durƙusa gaban kakarki da sikelin nan tun tana da ƙarfi.

Maganar bugu ba ta da tsawo. Ki rubuta da Hausa mai ƙa'ida, Nijar ta tsaida ƙa'idar rubutunta tun 1999, kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, ki sami malamin da ya san ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ya duba miki. Girman A5 ya isa, shafuka su zama masu rabuwa da 4 don haka ake naɗe takarda. Hoton kala shi ke cin kuɗi, ki tara su shafukan tsakiya sauran a yi baƙi da fari, kuma hoton ki ɗauka da hasken safe bakin ƙofa, a kwanonki, na abincin da kika dafa. Ki tambayi maɗaba'a ukku farashi, ki ce a fiddo miki kwafi guda ki karanta kafin a saki inji. Kar ki fara da dubu. A ce kowane littafi ya faɗo miki jika guda, kin buga 200, ki lissafa rabon mai shago da kuɗin mota kafin ki yanka farashi. Ki kai rubutun BNDA, ofishin kare haƙƙin marubuta da mawaƙa na Nijar, a Yamai ki yi rajista, ki san kuma kalmominki da hotunanki doka ke karewa, miyar kuka kam ta kowa ce.

Lokacin fitarwa, ki auna wata guda kafin azumi, sannan lokacin bukukuwa, don littafin girki yana shiga kayan amarya lafiya lau. Marubutan Kano tun shekarun 1980 suke buga nasu suna kai wa kasuwa da ƙafarsu, mu yanzu ga WhatsApp, ga Nita da Amana na aiko kuɗi, ga motocin da ke kai saƙo Maraɗi da Damagaram kullum. Ki riƙa sakin girki guda kyauta a gurup, wadda ta gwada ya yi mata ita za ta nemo ki. PDF ɗin littafin gaba ɗaya dai ban ba ki shawarar ki saki ba sai kin maida kuɗin bugunki, don in ya shiga waya guda da safe kafin la'asar ya gama gari.

Na ga Hajiya can baya ta ɗaga hannu tun ɗazu, a miƙa mata abin magana.