Tangaran ɗin Sin Mai Tambarin Manyan Gidajen Turai

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da yamma.

Ku dubi farantin da ke kan allo. Tambarin da ke tsakiyarsa na wani babban gida ne a Ingila, amma hannun da ya zana shi bai taɓa taka Ingila ba. A garin Jingdezhen na lardin Jiangxi, a ƙasar Sin, ake ƙera irinsa, da farar ƙasa da ake kira kawolin, a gasa shi a wuta mai zafin kusan digiri 1,300. Turawa sun daɗe suna neman sirrin nan, sai a 1710 aka buɗe masana'antar tangaran ta Meissen a Jamus, kuma ko a lokacin kayan Sin sun fi araha.

Yaya ake yin oda a wancan zamanin? Mai gida zai zana tambarin zuriyarsa a takarda, ya damƙa wa kyaftin ɗin jirgin Kamfanin Gabashin Indiya, kamfanin cinikin Ingila da ƙasashen Asiya. Jirgi ya zagaya ta kudancin Afirka har Kanton, tashar jiragen ruwa a kudancin Sin, wadda daga 1757 ita kaɗai aka yarda Turawa su yi ciniki a cikinta. Kafin kaya su iso, sai a yi shekara biyu ana jira. Abin alfahari ne, kamar jeren ɗakin amarya a wurinmu: baƙo ya gani, ya san gidan da ya shigo.

To, a nan nake son mu ɗan tsaya. Mai zanen nan bai san harafin Turawa ba, bai san me zaki ko garkuwa ke nufi a tambari ba. Idonsa kawai ya dogara da shi. Shi ya sa a kan wata buta ta wajen 1520 aka zana tambarin sarautar Fotugal a kife. Wasu na kiran wannan kuskure. Ni kuwa ina ganin ƙoƙarin mutumin da aka ba shi abin da bai taɓa gani ba, ya kuma fitar da shi tsaf.

Wani limamin Kirista ɗan Faransa, d'Entrecolles, ya rubuta a 1712 cewa a Jingdezhen tangaran ɗaya kan bi ta hannun ma'aikata saba'in. Wannan yana damuna ƙwarai. Daga tambari muna iya gano mai farantin, da matarsa, har da lokacin aurensu, domin akan haɗa tambarin gidajen biyu. Su saba'in ɗin nan kuwa, ba a rubuta sunan ko ɗaya a jikin farantin ba.

Yanzu sai mu karɓi tambayoyi.