Bindigogi Biyu a Cikin Fim Ɗin Yara

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mutanen Gusau da Ƙauran Namoda da ke bibiyar wannan tashar. Ina magana ne daga ɗakina a Shikago, inda dusar ƙanƙara ta hana mu fita tun jiya. Da daddare muna kallon Home Alone ni da yara, wato fim ɗin barkwancin nan na 1990 wanda labarinsa ya gudana a wata unguwa ta bayan wannan birni, sai autana ya taɓa ni ya ce, "Baba, wace irin bindiga ce waccan?" Shi ya sa yau na kunna kyamara na tsayar da hoton, domin mu duba tare.

Ga ta farko, wadda yaron fim ɗin, da aka bari shi kaɗai a gida, ya ɗauko daga ɗakin yayansa ya harbi ɓarayi biyu da suka zo fasa gidan da ita. Ba ta cin albarushi ko kaɗan. Iska ce ke tura wani ɗan ƙwallon ƙarfe da faɗinsa bai wuce milimita 4.5 ba, kamar ƙwayar dawa, kuma a nan ana kiran irinta BB. Ku lura bakinta ba shi da fentin nan mai ruwan lemo da dokar Amurka ta wajabta a kan bindigogin wasa, saboda dokar ba ta lissafa ta cikin kayan wasa ba. A fim an harbi ɓarawo a goshi kowa ya yi dariya, amma da ƙwayar ta sauka ƙasa kaɗan, da ido ya tafi.

Ta biyu ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Tana fitowa ne a wani fim mai baƙi da fari da yaron ke kunnawa don tsorata masu zuwa ƙofa, kuma an shirya shi ne musamman saboda wannan labari. Ku dubi gidan harsashin nan mai da'ira kamar faifai a ƙarƙashinta, da mariƙin katako na gaba, da gindinta na katako. Wannan ita ce Thompson, mai sunan Janar John Thompson, wadda ta shiga kasuwa a 1921, kuma faifan nata yakan ɗauki harsashi 50 ko 100. 'Yan daban wannan birni sun yi ta'asa da ita a zamanin da aka haramta giya, daga 1920 zuwa 1933, har aka yi mata laƙabi da tafiretar Shikago saboda yadda ƙararta ke jerowa.

Ni da na tashi, bindigar da na sani ita ce ta toka wadda kakana maharbi yake ratayewa a zaure. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna da sanda, a harba sau ɗaya, sannan a sake zama ɗuri. Yanzu kuwa 'ya'yan ƙanwata a ƙauye ba sa buƙatar ganin lanƙwasasshen gidan harsashi mai cin 30 kafin su ce AK-47 ce. Daga ƙarar da ke tasowa daga daji cikin dare suke gane ta, su kwanta a ƙasa.

Saboda haka da aka zo wurin da Thompson ke ɓarin wuta, yarana suna ta ƙyalƙyala dariya, ni kuwa na miƙa hannu na rage sautin. Autan ya ce, "Baba, za ka saya mini irin ta yaron?" Na ce masa a'a, sannan na ɗauki waya na kira ƙanwata, duk da na san a can asuba ba ta yi ba.