Shagunan layinmu a Bagalam

Assalamu alaikum jama'a, yau ba daga Faransa nike muku magana ba, ga ni Maradi cikin Bagalam, ku yi haƙuri da ƙarar kabu-kabu. Ku dubi layin ga yadda ya miƙe sak har can ƙarshe. Yaran yanzu na zaton haka garin ya tashi, a'a. Tsohuwar Maradi can ƙasa take bakin gulbi, inda Katsinawa sunka zauna da sarkinsu Ɗan Kasawa bayan jihadi ya fidda su daga Katsina, shi ya sa har gobe sarkinmu Sarkin Katsina ake ce mishi. Ambaliyar 1945 ta ci garin, Nasara sunka hau da mutane nan bisa tudu sunka ja layuka, kowace unguwa ta taho da sunanta, Bagalam, Mokoyo, Yandaka, Limanci, Ɗan Gulbi. Kakata har ta rasu in ta ce "gari" can ƙasa take nufi.

To ga shagon da nike so ku gani. Baba ina wuni, ina gajiya, a gaida gida. Ɗakin ga, tsofaffi sun ce sito ne na gujiya, lokacin da gujiya ke riƙe da Maradi, kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA na saye, bayan samun 'yancin kai SONARA, kamfanin gujiya na gwamnati, ta karɓa. Farin 1973 da 1974 ya karya noman, sai alhazai sunka juya ga Najeriya, atamfa da taba sigari suna shigowa ta nan suna ƙetarawa ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina da Kano. Ni da na yi wayo atamfa na tarar a ciki, an jera ta har rufi, mata na zuwa tun daga ƙauye ranar Litinin da Juma'a. Yanzu ku duba, fano na sola, batir, caja, gilashin salula. Ƙofar ma ita ce dai, fenti kawai anka sake.

Abin da na lura, kuma shi ne ya hana ni barci jiya, layin ga ba shi canzawa don ra'ayin mai shago, iyaka ce ke juya shi. Buhari ya rufe boda 1984, kasuwa ta kwanta. An karya darajar sefa Janairu 1994, wasu sunka tashi wasu sunka durƙushe. An sake rufe bodar Agusta 2019, sannan takunkumin 2023 bayan juyin mulki, har wutar da ke zo mana daga Najeriya anka yanke, to ta yaya mai saida sola ba zai cika layi ba? Can gindin bedi teburan ruwa-ruwa ne da, kwalabe jere cike da esansi, da Tinubu ya cire tallafin mai sai ga su sun ragu, yaro guda na gani yau kuma shi ma ya haɗa da faci.

Wanda ya fi ba ni tausayi tela ne. Uku ne a layin ga da, keken ɗinki na kuka har tsakar dare in salla ta matso, mu yara muna zaune muna jiran wandonmu. Ɗaya ya rage. Wurin na biyun ya zama gidan aika kuɗi, kuma wallahi ba ni da bakin kuka da shi, don ta irin wurin nan abin da nike turo ma inna ke isowa hannunta rana guda, ba sai an nemi direban da za a damƙa ma ba. Amma dai wurin tela wurin hira ne, nan dattawa ke shan shayi ana jin wa ya haihu wa ya rasu, gidan aika kuɗi kuwa ka karɓa ka wuce.

Kowa na tambaya maganar jirgin ƙasa yake yi, wanda anka aza harsashinsa 2021 daga Kano ta Katsina da Jibiya har nan. Masu shago na murna, direbobin tasha kuma fuska ba walwala, kuma ina ganin suna da gaskiyarsu, da yawa daga cikinsu hanyar Katsina ce ke ciyar da gidajensu. Ku biyo ni mu ƙarasa filin Ɗan Kasawa ƙofar fada kafin la'asar, akwai wani mai kilishi can da tun ina lakwal yake wurin, ina so ku gan shi.