Ruwa Ɗaya ko Uku? Juya Wuƙar Ka Ƙirga Sifirin

Assalamu alaikum, jama'a. Ga wuƙaƙen aljihu biyu a kan tebur, duk irin na da, masu naɗewa. Wannan ruwanta ɗaya, wato ƙarfen da ke yanka guda ne tak. Waccan uku gare ta. Kwanan nan ana ta ja-in-ja kan wacce ta fi cancanta a saya, kuma yawancin masu amsawa lissafi ɗaya suke yi: uku ta fi ɗaya, a ɗauki mai uku a wuce wurin. To, a nan ake tuntuɓe, domin abin da ya kamata a ƙirga yana bayan wuƙar ne.

Mu fara gaisawa da su da 'yan uwansu a gurguje. Wannan mai ƙotar katako Opinel ce, daga yankin Savoie na Faransa, tun 1890 ake ƙera ta. Mai doguwar hular ƙarfe a wuya Barlow ce, asalinta Sheffield a Ingila, ana yin ta da ruwa ɗaya, ana yi da biyu. Ga Trapper mai dogayen ruwa biyu, ta masu ɗana tarko da fiɗar fata. Sai Stockman ta makiyayan Amurka, mai ruwa uku: babba mai tsini, na biyu mai miƙaƙƙen baki da hanci a sunkuye, na uku gajere mai dunƙulallen kai, wanda aka yi don fiɗiyar dabbobi, aka rage masa tsini kada ya soki inda ba a nufa ba.

Yanzu mu juya ta.

Kun ga siraran ƙarafan nan da suka kwanta a gadon bayan ƙota? Su ne sifirin. Yawancin wuƙaƙen nan ba su da makulli, sifirin ne kawai ke riƙe ruwan. Ku duba a hankali: ina buɗewa, gindin ruwan yana ɗaga sifirin sama, da ya kai ƙarshe sai sifirin ya faɗo ya danne shi. Kun ji ƙarar? Ƙas! Haka yake danne shi in an rufe, don kada ya buɗe a aljihu. Opinel ce ta fita daban, ba ta da sifirin sam, zobe ake murɗawa a wuyanta ya kulle ruwan, wanda aka ƙara mata a 1955.

Kowane sifirin yana cin wurinsa a ƙota, kuma galibi akwai siririn faifan tagulla tsakaninsa da na kusa da shi. Ke nan kaurin wuƙa da nauyinta sifirin suke bi. Ga kuma ƙa'idar da ake yawan tsallakewa: sifirin ɗaya yana iya ɗaukar ruwa biyu, amma sai in ɗaya na wannan ƙarshen, ɗaya na wancan. In duk a gefe guda suke, kowanne sai da nasa.

Mu gwada. Trapper, ruwa biyu, duk a gefe ɗaya. Juya ta: sifirin biyu. Wannan ƙaramar ita ma ruwanta biyu, amma ɗaya a kai, ɗaya a gindi. Juya ta: sifirin ɗaya. Ku duba su kusa da juna, ƙaramar nan sirantarta ɗaya da mai ruwa guda. Stockman fa? Ruwa uku, amma yawanci sifirin biyu ne, babban yana da nasa, ƙananan biyu sun yi tarayya a ɗaya. Mai uku da mai biyu sun tashi da kauri kusan ɗaya, kun ga inda lissafin farko ya rushe.

Tarayyar nan tana da nata haraji. Ruwa biyu za su kwanta a rami ɗaya, kamar mutum biyu a kan ƙaramar tabarma, dole kowa ya ɗan karkace. Maƙera suna lanƙwasa su kaɗan da gangan, su kuma rage masu kauri don su wuce juna. Saboda haka in ka buɗe sabuwar wuƙa ka ga ƙaramin ruwan ya ɗan kauce daga tsakiya, kada ranka ya ɓaci, haka aka yi shi. Wani lokaci ma za ka ga siririn zane inda suke gogar juna. Abin da nake roƙonku shi ne, kada ku buɗe biyun nan rabi-rabi a lokaci guda don ɗaukar hoto. Sifirin yana lanƙwashewa ta kai da gindi gaba ɗaya, kuma yana iya karyewa. Ina jin abin har cikin raina duk lokacin da na gani.

Sai riƙo. Buɗe ruwa ɗaya, ka damƙe ƙotar kamar za ka yi aiki. Sauran da ke rufe ba su ɓace ba, bayansu na nan ƙarƙashin yatsunka. A Stockman, mai miƙaƙƙen bakin nan ya fi kowa tasowa. In igiya za ka datse sau ɗaya, ba za ka ma lura ba. In sassaƙar itace za ka zauna yi na rabin awa, yatsunka za su ba ka labari. Mai ruwa ɗaya kuwa, da ka buɗe ta ƙotar ta zama sumul.

Kada a ɗauka ina kushe masu yawa. Suna da wani alheri da nake so ƙwarai: ka ware ɗaya don aikin wahala, kwali da roba, ka bar ɗaya da kaifi kamar aska ba ka taɓa shi sai ta kama. In ɗaya ya dakushe a tsakiyar aiki, ka naɗe shi ka buɗe wani. Sai dai ranar wasawa baki uku ne ke jiranka a kan dutse, ga gaɓoɓi da ke son ɗigon mai, ga ƙurar aljihu da ke taruwa a ramuka. In kuma ƙarfen irin 1095 ne, wanda ke saurin ɗaukar kaifi amma yake tsatsa, kowane ruwa sai an goge shi ya bushe.

Abu guda ya shafi masu sifirin duka: tunda babu makulli, yanka ake yi da su zuwa wajen baki. In ka soka da ƙarfi ko ka danna ta baya, ruwan zai rufo kan yatsunka. Doka ma a duba ta kafin a sa a aljihu. A Ingila, dokar 1988 ta yarda a ɗauki mai naɗewa marar makulli wadda bakinta bai wuce inci 3 ba, kuma Opinel mai zobe ba ta shiga wannan sassaucin.

Ni dai in wani ya ce mini wuƙarsa ta farko zai saya, sifirin ɗaya zan nuna masa, ko da ruwa guda ko da biyu kai da gindi. Stockman sai wanda da gaske yake da aiki iri uku a yininsa. Kowacce ka ɗauka, sa farcenka a ɗan tsagin nan da ke jikin ruwan ka buɗe kowane ruwa ɗaya bayan ɗaya, har ƙananan. In akwai wanda sai farce ya yi zafi kafin ya taso, ajiye ta ka nemi wata.