Amsoshin Tambayoyinku: Yaushe Ake Saka "Had" a Jimlar Turanci?

Masu sauraronmu, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Yawancin wasiƙun wannan makon kan abu guda suka tsaya, wato lokacin nan na nahawun Turanci da ake kira "past perfect", mai tafiya da kalmar "had".

Ta farko daga wata ɗaliba ce mai shirin jarrabawa. Ta ce a aikin gyaran jimla ta rubuta "I had seen him yesterday", malaminta ya soke da jan biro, ita kuwa ba ta ga aibin jimlar ba, tunda abin ya riga ya wuce.

To 'yar'uwa, malaminki na da gaskiya. Ɗalibai da dama sun ɗauka "had" na nufin abin da ya daɗe da faruwa. Ba haka ba ne. Ko shekara 100 abu ya yi da aukuwa, in dai shi kaɗai ake ba da labari, shuɗaɗɗen lokaci na yau da kullum ya wadatar: "I saw him yesterday." Ba a neman "had" sai an sami abubuwa biyu da duk sun wuce, ana so a nuna wanne ya riga wanne. Wanda ya riga, shi ke ɗaukar "had".

Ki kasa kunne ga waɗannan jimloli biyu. "When the doctor arrived, the patient died." Sai kuma: "When the doctor arrived, the patient had died." A ta farko, likita ya shigo ya tarar da marar lafiya da sauran numfashi, a gabansa rai ya yi halinsa. A ta biyu kuwa, kafin likita ya tako bakin ƙofa mai aukuwa ta auku, gawa ya tarar. Kalma ɗaya tak ta raba labaran nan biyu. Shi ya sa nake damuwa idan na ga ɗalibi yana yayyafa "had" ko'ina don jimla ta yi kama da ta masu ilimi. Ma'ana yake ɓatawa bai sani ba.

Don haka, in an ba ki jimla a ce ki gyara, ki fara ƙirga aikatau, wato kalmomin da ke nuna aiki. In biyu ne, ki tambayi kanki wanne ya fara faruwa. Idan kuma kin ga "by the time" tare da shuɗaɗɗen lokaci, to ki sa ran "had" a ɗaya ɓangaren: "By the time we arrived, the meeting had started." Amma inda akwai "before" ko "after", su da kansu sun nuna na gaba da na baya, saboda haka "She left before I came" daidai ne, "She had left before I came" ma daidai ne.

Wasiƙa ta biyu daga wani malamin makaranta ce, yana cewa ɗalibansa sun nace wa "had went" da "had wrote". Malam, Allah ya ƙara haƙuri, wannan matsala ta hadda ce. Bayan "had", siga ta uku ta aikatau ce ke zuwa: "go, went, gone", "write, wrote, written", "begin, began, begun". Masu ƙarewa da "ed" ba sa ba da wahala, don sigarsu ta biyu da ta uku iri ɗaya ce. Sauran kuwa sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, a riƙa faɗinsu da "had" a gaba har kunne ya saba.

Wani ɗan'uwa kuma ya tambaya ko "If I would have known, I would have come" daidai ne, don yana jin ta a bakin Turawa. Ƙwarai, ana jin ta a hira, musamman a Amurka, amma a takardar jarrabawa kuskure ce. Ka rubuta "If I had known, I would have come." Ɓangaren "if" shi ke ɗaukar "had", ɗaya ɓangaren ya ɗauki "would have". Ya kuma tambayi "had had", ko tuntuɓen alƙalami ne. A'a. Ta farko mataimakiya ce, ta biyu ita ce siga ta uku ta "have": "He had had a fever before the journey."

Ga wani tarko da masu tsara tambayoyi ke ƙauna. "No sooner" da "than" yake tafiya, "hardly" kuma da "when", kuma in suka buɗe jimla, "had" na tsallakowa gaban mai aikin: "No sooner had I sat down than the phone rang."

Kafin mako mai zuwa, ku gyara mana wannan ku aiko, tare da dalilinku: "She told me that she has finish the work before the manager had came."