Gadar Shambat da masu shayin bakin Nilu

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Abin da muke kira Kartum, babban birnin Sudan, gari uku ne: Kartum kanta, da Omdurman, da Bahri. Ruwa ne ya raba su. Farin Nilu ya taso daga kudu, Shuɗin Nilu ya gangaro daga tsaunukan Habasha, suka haɗu a Mugran, tsibirin Tuti na zaune a tsakiya. Shi ya sa gadoji ne ke riƙe da garin nan. Mutum ya kwana a Bahri, ya ci kasuwa a Omdurman, da la'asar ya tsallaka Kartum gaida dangi.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, wato rundunar ɗaukin gaggawa, kogin da ake shan iska a bakinsa ya koma fagen daga. A watan Nuwamba na shekarar aka karya gadar Shambat, mai haɗa Omdurman da Bahri, kowane ɓangare yana ɗora wa ɗaya laifi. Uwa tana wannan gaɓa, 'yarta tana waccan, ana hango fitilun juna, ba hanyar zuwa.

Gine-gine da yawa sun rushe, amma ni abin da ya fi ci mini rai wuraren zama ne. Ku tuna titin Nilu bayan magariba: mata masu shayi sun jera ƙananan kujeru, ana dafa gahawa da citta, turare na tashi daga gawayi. Ɗalibi, direban raksha (keke mai ƙafa uku), ma'aikacin banki, duk kujerarsu iri ɗaya. Ku tuna yammacin Juma'a a hubbaren Shehu Hamad al-Nil, inda darwishai ke zagaye cikin korayen riguna ana zikiri, babu mai tambayar ƙabilar wani. Sai hayaƙin agashe, wanda duk Sudan ta san sana'ar Hausawa ce.

Wannan ya shafe mu, Hausawan Sudan, kai tsaye. Kakanninmu a ƙafa suka biyo hanyar Makka, wasu kuma bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903 suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, har aka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Fiye da shekara ɗari ke nan, amma har yau akwai mai kiranmu Fallata da muryar da ke nufin baƙo. A gaban teburin mai agashe kuwa, ko a sahun zikiri, ba wanda ya taɓa neman takardar kowa.

An sha goge tarihin garin nan tun kafin yaƙi. Daga 6 ga Afrilun 2019 jama'a suka yi zaman dirshan a gaban hedikwatar soja, matasa suka cika bango da zanen fuskokin waɗanda aka kashe a zanga-zangar adawa da gwamnati. Ranar 3 ga Yuni, a ƙarshen azumi, aka tarwatsa su da harsashi, daga baya aka shafe yawancin zanen da fenti. A wannan yaƙin kuma an wawushe gidan tarihi na ƙasa, inda ake ajiye kayan masarautar Kush.

A watan Maris na 2025 sojoji suka karɓe Kartum, mutane suka fara komawa. Wurin haɗuwar da ya rage wa unguwanni da yawa shi ne takiyya, wato girkin sadaka da maƙwabta ke haɗa kuɗi su yi. Da safe za ku ga layi, kowa da bokitinsa ko kwanonsa, ana raba adas ko ful, wato nau'o'in dafaffen wake. A layin nan ake jin wanda ya rasu, da wanda ya tafi Masar, da wanda har yanzu ba a ji ɗuriyarsa ba.