Idan yaro ya kwanta birgima a kantin Landan

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga Landan. Maganar yau ta iyaye mata ce, musamman sababbin zuwa. Yaro ya zube a tsakiyar kanti yana tsala ihu, me za ki yi?

Ki fara sanin cewa ke ake kallo. Mutanen nan sun saba da kukan yara, kowa zai wuce abinsa, sai fa in an ga hannunki ya tashi. A gida wata tsohuwa za ta ce "kawo shi nan", ta rarrasa miki. Nan ba mai taɓa ɗan wani, amma akwai mai ɗaga waya. Sikotilan ta haramta dukan yara gaba ɗaya a Nuwamban 2020, Wales ta bi sahu a Maris 2022. A Ingila doka ta bar 'yar ƙofa ga horo daidai kima, amma da zarar duka ya bar shaida a jiki, ƙofar ta rufe. Ni dai a ganina ki ɗauka babu ita. Rankwashi, mintsini, murɗe kunne, duk ki ajiye. In aka kai rahoto, ma'aikatan kula da yara na ƙaramar hukuma kan zo gida, su kuma tuntuɓi makaranta da likita. Ba a ƙwace yaro haka siddan kamar yadda ake yaɗawa a WhatsApp, amma binciken kaɗai ya isa ya hana ki barci.

Birgimar yara kan fara ne wajen wata 18, ta lafa kusan shekara 4, saboda yaro yana da buƙata amma bakinsa bai buɗe ba. Yawanci yunwa ce, ko barci, ko zafi. E, zafi, a ƙasar sanyi! An jibga masa rigar sanyi da hula da safa, sai a shiga kanti ko bas mai ɗumi, ya jiƙe da gumi. Ki sa yatsa a ƙeyarsa ko ƙirjinsa, kada ki auna da tafin hannunsa, shi yawanci da sanyi yake. In kin ji laima, cire hular, zuge zif ɗin.

Ga abin da za ki sa a jakar fita: ruwa, ayaba, famfas, kayan canji, da 'yar motar wasa da ba a fito da ita sai an fita, don kada ya gaji da ita. A fita bayan ya ci ya yi barci. A cikin kanti ki ba shi aiki, ya riƙe burodi ko ya jefa lemo a kwando. Tun Oktoban 2022 an hana manyan kantunan Ingila jera alewa a wurin biyan kuɗi, amma ƙananan shagunan unguwa suna nan da tasu daidai tsawon yaro, sai ki kula.

To in ya riga ya zube fa? Ki tsuguna daidai fuskarsa, ki sassauta murya, ki taƙaita magana. Dogon bayani ba ya shiga kunnensa a lokacin. Ba shi zaɓi biyu da duk kin yarda da su: "Za ka taka ko za ka shiga keken jariri?" In ya ƙi, bar kayan a nan, ki sungume shi ku fita waje, ki riƙe shi har ya sauko. Ba wanda zai ce miki uffan don kin bar kwando. Inda ake ɓata aikin shi ne a saya masa abin da ya yi wa kukan. Ya gane ihu na biya, gobe zai ƙara ƙarfi. Miƙa masa waya ma haka ne, in za ki ba shi, ki ba shi tun kafin ya fara. Kuma don Allah a daina cewa "ga ɗan sanda nan zai kama ka". Ranar da ya ɓace a tasha, wurin mai kaki ya kamata ya nufa.

Jariri shi daban ne, ba shagwaɓa yake yi ba. Kukansa kan tsananta a mako 6 zuwa 8. Ki ba shi mama duk inda kike, dokar daidaito ta 2010 ta hana a kore ki daga kanti, gidan abinci ko bas don kina shayarwa. Kada ki bar zanin goyo a gida, domin a bas mai keken guragu ne ke da fifiko a wurin ajiye keke da ke tsakiyar bas, za a iya ce miki ki naɗe keken jariri. Duk tsananin kuka, kada ki girgiza shi da ƙarfi, yana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa. In kuma bai kai wata 3 ba, ma'aunin zafin jiki ya nuna digiri 38 na Celsius ko sama, ki bar sayayyar, ki kira 111, lambar neman taimakon likita cikin gaggawa, nan take.